Sanyaya Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Ruwa: Lissafin da Ke Gaban 'Yan Kasuwar Abuja

ABUJA — Daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin da zafin rana a Babban Birnin Tarayya kan haura digiri 35, masu gyaran kwamfuta a Banex Plaza da ke Wuse II da sauran kasuwannin kayan lantarki na birnin sukan ji kuka iri ɗaya daga abokan cinikinsu. Na'ura ta yi nauyi, fanka tana ruri kamar injin niƙa, aikin da aka saba gamawa kafin azahar ya kai la'asar. Masu wannan kuka su ne ofisoshin zanen gine-gine, da kamfanonin injiniyoyi da na safiyo, da masu tace hotunan bidiyo na gidajen talabijin da kamfanonin talla, da masu ɗab'i, wato waɗanda kwamfuta ce gonarsu, kuma kowace sa'a da ta ɓace kuɗi ne ya ɓace.

Maganin da ake yawan tallata musu a 'yan shekarun nan shi ne sanyaya ƙwaƙwalwar na'urar da ruwa, musamman irin kayan da ake cewa ana iya faɗaɗa su nan gaba. Dabarar tana da tushe mai ƙarfi a kimiyya, babu mai musun wannan. Sai dai ga akasarin ofisoshin Abuja ba ita ce ta fi dacewa ba, kuma 'yan ƙalilan ɗin da ta dace da su ma akwai sharuɗɗan da in ba su cika ba, kuɗin da aka ƙara domin faɗaɗawar ya tafi a banza.

Dalilin da ya sa maganar ta taso a fili yake. Ƙwaƙwalwar Pentium ta farko da kamfanin Intel ya fitar a 1993 ba ta cin wuta fiye da wat 16. A 2022 kamfanin ya fitar da Core i9-13900K, wadda ya ƙayyade mata wat 253 idan aiki ya yi tsanani. A shekarar ce kuma AMD ya kawo Ryzen 9 7950X, mai iya jan wat 230, wadda aka ƙera ta yadda za ta yi aiki har zafinta ya kai digiri 95. Katin sarrafa hoto ya ma fi ta haɗama: RTX 4090 na kamfanin Nvidia yana cin wat 450, magajinsa RTX 5090 da ya fito a farkon 2025 kuwa wat 575. Kusan duk wutar da waɗannan na'urori suka ci zafi take komawa, kuma a ƙwaƙwalwar zafin yana fitowa ne daga ɗan wurin da bai fi kan sarki na wasiƙa faɗi ba. Idan ba a kwashe shi da sauri ba, ƙwaƙwalwar da kanta takan rage gudu don ta tsira, in abin ya ci gaba ta kashe kanta. Wannan rage gudun shi ne nauyin da ma'aikata ke kuka da shi.

Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar kimanin ninki huɗu na abin da kilo ɗaya na iska ke ɗauka, idan kuwa aka auna da cikin mazubi iri ɗaya, bambancin ya haura ninki 3,000. Manyan kamfanoni sun daɗe da sanin haka. IBM ya sanyaya manyan na'urorinsa da ruwa tun a shekarun 1960, kuma a 1985 aka fitar da Cray-2, wadda aka tsoma kayan cikinta a wani ruwa na musamman da ba ya ɗaukar lantarki. A 2024 Nvidia ya sanar da wata kantar na'urori ta ayyukan ƙirƙirarriyar basira mai cin kimanin kilowat 120, wadda tun daga zane da ruwa aka shirya sanyaya ta. Irin waɗannan labarai ne masu talla ke riƙewa, alhali abin da ya dace da cibiyar adana bayanai irin ta Galaxy Backbone, kamfanin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a Abuja a 2006, inda akwai injiniyoyi dare da rana, ba lallai ne ya dace da ofis mai ɗaki biyu a Utako ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe gaban mota ya riga ya san yadda abin yake aiki. Akwai faranti na jan ƙarfe da ake ɗorawa a kan ƙwaƙwalwar, cikinsa ƙananan tsagu da ruwa ke ratsawa. Akwai famfo mai tura ruwan, da mesa, da lagireto wanda fanka ke hurawa don zafin ya fita. Kayan sun kasu uku. Na farko rufaffe ne daga masana'anta, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa, ranar da ya gaji a cire shi a sa sabo. Na biyu shi ne wanda gwani ke haɗawa da hannunsa guntu-guntu, da tanki da famfo da lagireto kowanne daga inda ya ga dama. Na uku, wanda shi ne abin magana a nan, yana tsakaninsu: yana zuwa a haɗe, cike da ruwa, amma an bar masa mahaɗai da ake iya kwancewa domin wata rana a ƙara lagireto na biyu ko a shigar da katin hoto cikin zagayen ruwan.

A takarda wannan na uku ya fi kowanne ma'ana ga ɗan kasuwa, domin yana ba shi damar kashe kuɗi kaɗan yau ya ƙarasa gobe. Tarihin kayan a kasuwa ne ke sanya shakka. Kamfanin Swiftech na Amurka ya fitar da H220 a farkon 2013, aka yi ta yabonsa, amma a watan Yulin shekarar aka janye shi daga kasuwar Amurka saboda kamfanin Asetek na ƙasar Denmak ya yi da'awar cewa an taka haƙƙin ƙirarsa. Kamfanin EKWB na Sloveniya ya kawo Predator a 2015, sai ga shi a watan Janairun 2016 yana kiran waɗanda suka sayi kashin farko su mayar da su saboda haɗarin yoyo. Ya maye gurbinsa da Phoenix a 2017, shi ma daga bisani ya bar kasuwa, kuma a 2024 kamfanin ya amsa a bainar jama'a cewa ya yi jinkirin biyan ma'aikata da masu kawo masa kaya. Wanda ya fi daɗewa a wannan layi shi ne Eisbaer na kamfanin Alphacool na Jamus, da aka fara sayarwa a 2016 tare da takwaransa Eiswolf na katin hoto.

Waɗannan kamfanoni ne da ake girmamawa a sana'ar, kuma janye kaya idan an ga aibi alama ce ta riƙon amana. Abin lura ga mai saye shi ne cewa alkawarin faɗaɗawa alkawari ne da sai nan da shekara biyu ko uku za a cika, kuma a wannan tazara kamfani yana iya sauya mahaɗansa, ko ya daina ƙera farantin da ya dace da sabon kati, ko ya bar layin baki ɗaya. Mai saye a Jamus idan haka ta faru yakan sami ragowar kayan a wani kanti ko a hannun wanda ya yi amfani da su. Mai saye a Abuja kuwa sai ya nemi wanda zai taho masa da ɗan mahaɗi guda daga Turai ko Dubai ko Sin, na'urarsa tana zaune ba aiki.

Sannan ga maganar Naira. Kafin sauyin tsarin musayar kuɗi na watan Yunin 2023, ana sayar da dalar Amurka a hukumance kan kimanin Naira 460. Zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Ɗan kasuwar da ya sayi rabin kayansa a farkon 2023 da niyyar ƙarasawa bayan shekara guda ya tarar da cewa rabin da ya rage ya ninka kuɗi har sau uku. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya da ake ƙerawa a Nijeriya, saboda haka duk wani motsi na dala kai tsaye yake faɗawa kansu. Hikimar jinkirta kashe kuɗi tana aiki ne a inda farashi ke zaune wuri ɗaya. A inda ba haka ba, wanda ya tabbata zai buƙaci lagireto na biyu da farantin kati gara ya saye su tare da na farko, har da mahaɗai da zobban roba na ajiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuwa zai sayi komai a rana ɗaya, to ya kamata ya tambayi kansa abin da kalmar faɗaɗawa ta ƙara masa a kan haɗa cikakken zagaye tun farko.

Ga wanda ya auna duk wannan ya ga har yanzu hanyar ta dace da shi, abu na farko da zai bincika shi ne irin ƙarfen da aka yi kayan da shi, kuma a nan ne aka fi tafka asara. Akasarin rufaffun kaya suna haɗa farantin jan ƙarfe da lagireton alminiyam, saboda alminiyam ya fi araha. Idan ƙarafan biyu suka haɗu a ruwa ɗaya, wani ɗan lantarki kan gudana tsakaninsu, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa a hankali, garinsa ya toshe tsagun farantin. Masana'anta tana danne wannan da magungunan da take zubawa a ruwan kafin ta rufe. Da zarar an buɗe zagayen aka ƙara wani ruwa daban, an tsarma maganin, kuma ba mai iya cewa nawa ya rage. Saboda haka kayan da za a faɗaɗa wajibi ne su kasance jan ƙarfe ko danginsa daga farko har ƙarshe, faranti da lagireto da mahaɗai. Mai kanti da bai iya faɗin ƙarfen da ke cikin lagireton da yake sayarwa ba, saye a hannunsa sayen kifi ne a ruwa.

Abu na biyu shi ne mahaɗai. Akwai awo guda da kusan dukan masu ƙera waɗannan kaya suka amince da shi, wanda ake rubutawa G1/4 a jikin kwali. Kayan da ramukansu ke bin wannan awo suna karɓar mahaɗi ko lagireto na kowane kamfani, don haka ko mai ƙirar ya rufe, mai kayan bai rasa mafita ba. Mahaɗan nan masu saurin kwancewa, waɗanda ke toshe kansu don ruwa kada ya zuba, suna da daɗin aiki, amma sau da yawa kowane kamfani da irin nasa, kuma kowannensu yana ɗan rage gudun ruwa. Ba laifi a same su, muddin a ƙarƙashinsu akwai ramin da ke bin awon gama-gari.

Famfo ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne aka fi yi wa rowa a kayan da ke zuwa a haɗe. Ɗan famfon da aka dasa a kan faranti an auna ƙarfinsa ne da faranti ɗaya da lagireto ɗaya. Idan aka ƙara masa farantin kati da lagireto na biyu da mahaɗai huɗu, ruwan sai ya riƙa tafiyar hawainiya. Shi ya sa wasu kamfanoni ke dasa famfo na biyu a jikin farantin katin. Famfunan da gwanayen sana'ar suka fi amincewa da su iri biyu ne, D5 da DDC, waɗanda asalin ƙirarsu ta kamfanin Laing ce, kuma amfaninsu ga mai ofis shi ne cewa kamfanoni da dama suna sayar da su, ana iya musanya wanda ya mutu ba tare da an taɓa sauran kayan ba. Haka nan wajen ɗaurawa, famfo kada ya zama shi ne mafi tsawo a zagayen, domin iska takan taru a sama, famfon da ke juyawa cikin iska kuwa ba ya daɗewa.

Game da girman lagireto, ana auna shi da yawan fankokin da yake ɗauka, kowace mai faɗin milimita 120 ko 140, shi ya sa ake jin 240 da 280 da 360 da 420. Ƙa'idar da masu haɗa kaya ke bi a al'adance ita ce kimanin gurbin fanka guda ga kowane wat 100, da ɗan ƙari. Na'ura mai ƙwaƙwalwar wat 250 da katin wat 450 tana neman gurbi bakwai ko fiye, wato lagireto biyu manya. Tambayar da ake mantawa ita ce ko akwatin kwamfutar yana da wurin da za a ɗaura su. Na'urorin ofis na HP da Dell da Lenovo, waɗanda su ne suka cika ma'aikatun Abuja, galibi akwatunansu ƙanana ne kuma an ƙera su ne don kayan kamfanin kaɗai. Maganar sanyaya da ruwa ta shafi na'urar da aka haɗa da hannu ne cikin babban akwati.

Akwai kuma wata gaskiya da ta fi kowace muhimmanci ga birni irin Abuja, wadda talla ba ta faɗa. Ruwa ba ya halaka zafi, ɗaukarsa yake yi daga ƙwaƙwalwa ya kai shi lagireto, fanka ta watsa shi cikin ɗaki. Lagireto ba zai taɓa sanyaya ruwa ƙasa da zafin iskar da ake hura masa ba. Alkaluman da ake gani a gwaje-gwajen Turai da Amurka an ɗauke su ne a ɗakunan da zafinsu bai fi digiri ashirin da 'yan kai ba. A ofishin da na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a watan Maris, inda iskar ta kai digiri 33, sai a ƙara goma a kan kowane alkalami. Na'ura mai cin wat 600 daidai take da rishon lantarki na wat 600 da aka kunna a kusurwar ɗaki, ko da iska ake sanyaya ta ko da ruwa. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana kwashe kimanin kilowat biyu da rabi na zafi, wanda ke nufin irin waɗannan kwamfutoci huɗu sun cinye ƙarfinta kafin a lissafa mutanen da ke ɗakin da ranar da ke dukan rufi.

Wannan ya kai ga kuɗin wuta. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin da masu rukunin A ke biya, wato waɗanda aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana, daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane kilowat na sa'a, kafin a ɗan sassauta shi a watan da ya biyo. A kan wancan farashi, na'urar wat 600 da ke aiki sa'o'i goma a rana, kwana 26 a wata, ta ci kilowat 156, wato Naira 35,100, ban da abin da za a kashe wajen fitar da zafinta daga ɗaki, ban da dizal a ranakun da wutar kamfanin AEDC ta ɗauke. Sanyaya da ruwa ba ya rage wannan lissafi. Sau da yawa ma ƙara shi yake yi, tunda ƙwaƙwalwar da ta sami sanyi sai ta saki jiki ta ja wuta gwargwadon iyakarta. Abin da ke rage lissafin shi ne ƙayyade wutar da ƙwaƙwalwar za ta ja, wanda ana yinsa kyauta daga saitin babban allo. Manyan ƙwaƙwalen zamani suna ƙona wuta mai yawa ne wajen neman ɗan ƙarin gudu na ƙarshe, kuma idan aka datse wannan, zafi kan ragu sosai, aikin ya ragu kaɗan. Mai gyaran da ya fara da wannan shawara kafin ya nuna kwali, ya cancanci a riƙe shi.

Wasu masu ofis suna tsoron cewa ɗaukewar wuta za ta tsayar da famfo ƙwaƙwalwa ta ƙone. Tsoron ba shi da tushe, domin famfon daga cikin kwamfutar yake shan wuta, tare suke mutuwa. Haɗarin gaske shi ne famfo ya tsaya alhali na'ura tana aiki. A lokacin zafi kan hau cikin daƙiƙu, na'urar ta kashe kanta, kuma ba za ta sake aiki ba sai an sami wani famfon. Na'urar sanyaya ta iska kuwa idan fankarta ta mutu, tulin ƙarfen da ke kai yana ci gaba da ɗaukar wani abu, kuma fanka abu ne da ake samu a kowane shagon kwamfuta kan kuɗi kaɗan. Ga kamfanin da ke da wa'adin miƙa zane ga ma'aikata ranar Litinin, wannan bambanci ya fi digiri biyar ko shida da ake taƙama da su daraja.

Abin mamaki ma shi ne manyan na'urorin iska su kansu da ruwa suke aiki. Bututun jan ƙarfen da ke jikinsu akwai ɗigon ruwa a rufe a ciki, wanda ke tururi a wajen ƙwaƙwalwa ya huce a sama ya dawo, ba famfo, ba mesa, ba abin da zai yi yoyo. Irin NH-D15 da kamfanin Noctua na Ostiriya ya fitar a 2014, da garantin shekara shida, ya isa ga yawancin ƙwaƙwalen da ofisoshi ke saye, kuma kamfanonin Sin sun cika kasuwa da makamantansa masu rahusa. Inda iska ke gazawa shi ne a ƙwaƙwalen da ke jan wat 250 ba hutawa na sa'o'i da yawa, ko inda ake son shiru, kamar ɗakin naɗar sauti.

Hunturu ma yana da nasa rabon. Ƙurar da ke sauka a Abuja daga watan Disamba zuwa Fabrairu tana shiga ko'ina, kuma haƙoran lagireto sun fi na na'urar iska matsi, don haka sun fi saurin toshewa. Lagireton da ƙura ta rufe bargo ne kawai. Dole ne akwati ya kasance da raga mai tacewa a duk inda iska ke shiga, a riƙa wanke ta kowane mako biyu a lokacin hazo, a kuma ɗauke na'urar daga ƙasa.

Ruwan da ake zubawa shi ma ba kowanne ba ne. Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Usuma an sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba ya shiri da ƙarfe, na rijiyar burtsatse kuma yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a tsagu, ruwan leda da na gora duk haka. Tataccen ruwa na tururi ake buƙata, a haɗa shi da maganin tsatsa da na gansakuka, ko a sayi wanda aka riga aka haɗa. A nan sai an yi hattara da abin da ake kira ruwan batir a kasuwa, domin wani tataccen ruwa ne, wani kuwa an gauraya shi da asid, wanda zai cinye kayan cikin ɗan lokaci. Ruwa mai launi mai kauri, irin wanda matasa ke so don ado, yana barin laka a faranti, ba shi da wuri a na'urar neman abinci. Masu ƙira galibi suna ba da shawarar a sauya ruwan kimanin sau ɗaya a shekara, kuma duk lokacin da aka buɗe zagayen, a bar famfo ya yi ta juyawa na tsawon yini guda ba tare da an ba babban allo wuta ba, don in akwai yoyo ya bayyana kafin ya ɗiga a kan katin da kuɗinsa ya kai na ƙaramar mota.

Duk wannan aiki ne na mutum, kuma kuɗin mutumin ba ya cikin farashin kwali. Abuja tana da matasa masu hannu a gyaran kwamfuta da waya, amma cika zagayen ruwa da fitar da iska daga cikinsa da gwada yoyo wata sana'a ce daban, wadda ake koya da maimaici. Kamfanin da zai bi wannan hanya ya kamata ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da wanda ya haɗa masa, wadda ta faɗi lokutan duba kaya, da kayan ajiyar da za su zauna a ofis, da wanda zai ɗauki asara idan ruwa ya zuba. Garantin masana'anta a mafi yawan lokuta ya tsaya ne a kan kayanta, kuma cire murfin katin hoto don a ɗora masa faranti yana iya shafar garantin katin. Mayar da kaya Turai daga Nijeriya don neman haƙƙi kuwa, kuɗin aikawa kaɗai kan sa mutum ya haƙura.

A nan akwai damar kasuwanci da ba a cika kula da ita ba. Mai shigo da kaya da zai tsaya a kan layi ɗaya na jan ƙarfe, ya ajiye mahaɗai da mesa da famfuna da ruwan da aka haɗa, ya horar da yara biyu ko uku, ya riƙa sayar da kulawa ta shekara, zai fi samun abokan ciniki masu ɗorewa a kan wanda ke kawo kwali goma daga kamfanoni goma ya sayar ya manta. Ribar wannan sana'a tana cikin ziyarar da ake komawa ne.

Ma'aikatun gwamnati, waɗanda su ne manyan masu sayen kwamfuta a birnin, suna da nasu nauyin. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ɗora tantance tayi a kan mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan takardar neman tayi ta tsaya a kan cewa ana son na'ura mai sanyaya da ruwa, ba ta faɗi ƙarfe ba, ba ta faɗi awon mahaɗi ba, ba ta nemi kulawa ta shekaru ba, to ɗan kwangilar da ya kawo mafi rauni ne zai ci, kuma doka tana bayansa. Jami'an da ke rubuta irin waɗannan takardu su ne za su iya rufe ƙofar, ta hanyar faɗin zafin da na'ura za ta riƙe a ɗaki mai digiri kaza, su bar wa mai tayi ya zaɓi hanyar da zai cika shi, ko iska ko ruwa.

Wani abu guda da ke goyon bayan masu son kayan da za su daɗe shi ne mazaunin ƙwaƙwalwa a kan allo ya ɗan zauna wuri ɗaya a 'yan shekarun nan. Lokacin da AMD ya sauya daga AM4 zuwa AM5 a 2022, ya bar ramukan ɗaurawa yadda suke, don haka kayan sanyaya da yawa sun ci gaba da aiki. Intel ma da ya koma LGA1851 a 2024 ya riƙe awon LGA1700 na 2021. Lagireton jan ƙarfe da famfon D5 ba su da ruwa da wace ƙwaƙwalwa ce a ƙasa, suna iya bin na'ura biyu ko uku a jere. Farantin katin hoto ne ba ya gado, domin kowane kati da yankansa, ranar da aka sauya kati an sauya faranti.

Ofishin da ke da na'ura ɗaya ko biyu masu nauyi, wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce wat 200 ba, babbar na'urar iska da akwati mai raga da na'urar sanyaya ɗaki mai lafiya sun wadatar da shi, ragowar kuɗin ya sa a batir da inbata. Wanda ƙwaƙwalwarsa ke jan fiye da haka amma katinsa yana sanyaya kansa da fankokinsa, rufaffen kaya mai lagireto 360 ya ishe shi, ya sa a lissafinsa cewa bayan 'yan shekaru zai sauya shi, ya kuma ajiye na'urar iska a kabad don ranar da famfo zai tsaya. Kayan da ake faɗaɗawa na kamfanin da ke tace bidiyo ko sarrafa manyan zane dare da rana ne, wanda ya riga ya san katin da zai saya da watan da zai saye shi, yana da akwatin da zai ɗauki lagireto biyu, kuma yana da mai gyaran da zai amsa waya ranar Asabar.